Hawan Dutse a Ƙasar Zuru: Ruwa, Lokaci da Ladubban Baƙo

Hawan dutse na yini guda shi ne mutum ya tashi da sassafe, ya hau tsauni da ƙafarsa, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauko kafin rana ta faɗi. A 'yan shekarun nan al'adar ta samu karɓuwa a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwa, musamman a Abuja da Jos, inda matasa kan haɗu ranar Asabar su nufi duwatsun da ke kewaye da su. A Arewa maso Yamma kuwa, ɗaya daga cikin wuraren da suka dace da irin wannan fita ita ce ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, inda garuruwa irin su Manga da Dabai da Senchi suke zaune cikin tuddai da duwatsu.

Sai dai dutsen ƙasar Zuru yana da masu shi. Wurare da dama da baƙo zai ɗauka dawa ce, tsofaffin gidajen mutane ne, da kaburburan kakanninsu, da wuraren da suke girmamawa har yau. Saboda haka abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kan ko yinin zai yi kyau ko zai ɓaci: izinin masu wuri, lissafin lokaci, da sanin sha'anin ruwa.

Inda ƙasar take

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. A tsarin sarauta kuma ta kasu gida biyar, wato Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. Tana iyaka da Jihar Neja ta kudu, da Jihar Zamfara ta arewa da gabas. Ta kasance cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, ta shiga Jihar Sakkwato a 1976, sannan ta faɗa cikin Jihar Kebbi lokacin da aka ƙirƙiro ta ranar 27 ga Agusta, 1991.

Manga na cikin Ƙaramar Hukumar Zuru, a mazaɓar Manga/Ushe. Mafi yawan mutanen wannan yanki Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, harshensu kuwa C'lela, ɗaya daga cikin harsunan rukunin Kainji. Suna maƙwabtaka da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe da zama a cikinsu. Hausa ce harshen kasuwa, don haka baƙo daga Kano ko Sakkwato ba zai rasa abokin magana ba.

Manyan hanyoyin shiga Zuru uku ne: daga Kwantagora ta Rijau, daga Koko ta Mahuta zuwa Dabai, da kuma daga Daki Takwas ta ɓangaren Zamfara. A garin Zuru ne Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya take, wadda aka kafa a 2020 a harabar tsohuwar Kwalejin Aikin Gona. Yankin ya fi arewacin Kebbi samun ruwan sama, shi ya sa itatuwansa suka fi kauri, ciyawarsa ta fi tsawo, ƙoramunsa kuma suka fi daɗewa da ruwa bayan damina.

Irin duwatsun

Duwatsun Zuru na cikin tsofaffin duwatsun da suka zama ginshiƙin ƙasar Nijeriya. Masana ilimin ƙasa sun sa wa wani dogon zirin duwatsu sunan Zuru, kuma mafi yawansa dutse ne mai tauri wanda asalinsa yashi ne da zafi da nauyin ƙasa suka dunƙule. A tsakankaninsa akwai duwatsun da suka narke a can ƙarƙashin ƙasa suka sake daskarewa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska da rana sun yi ta cin sassa masu laushi, masu taurin suka tsaya a tsaye, su ne tsaunukan da ake gani yau.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai hawa. Dutse mai ziri yakan yi dogon baya mai tsakuwa da ɓaraguzai masu kaifi, waɗanda ke gangarawa ƙarƙashin ƙafa. Dutse mai dunƙule kuwa yakan yi falale mai sumul, wanda ke riƙe takalmi da rani amma ya zama kamar an shafa masa sabulu da zarar ruwa ya taɓa shi.

Ta fuskar tsawo, duwatsun Zuru matsakaita ne. Ba su kama ƙafar duwatsun Shere na kusa da Jos ba, masu mita 1,829, balle Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda shi ne mafi tsawo a Nijeriya da mita 2,419, ko Idukal-n-Tages na tsaunukan Bagzan a Nijar mai mita 2,022. Iska takan ragu da zafi kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. Ma'anar wannan ita ce mai hawan dutsen Zuru ba zai sami sanyin da ake samu a Mambila ba. Zafin da ya baro a gindin dutse zai taras da shi a sama, ga kuma falalen da ke mayar da zafin rana ta ƙasa.

A gangaren irin waɗannan duwatsu akan ga hano da kukkuki, itatuwan da ke son wuri mai duwatsu, a ƙasa kuma ga kaɗanya da ɗorawa da kuka a cikin gonaki.

Dutse a tarihin mutanen yankin

A ƙarni na 19 al'ummomi da yawa na tsakiyar Nijeriya sun fake da duwatsu saboda hare-haren kamun bayi. A wannan yanki barazanar da ta fi girma ta fito ne daga Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa wajen 1864, ɗansa Ibrahim kuma ya ci gaba da yaƙe-yaƙensa har Turawan Ingila suka ci garin a 1901. Ƙarfin maharan yana ga doki, doki kuwa ba ya iya hawan ɓaraguzan dutse. Wanda ke sama yana hango ƙurar mahara tun daga nesa, ya buga ƙararrawa ko ya yi kururuwa, masu noma a ƙasa su gudo.

Bayan da hare-haren suka lafa, sai mutane suka riƙa saukowa sannu a hankali zuwa kusa da gonaki da hanya da kasuwa. Abin da suka bari a sama shi ne kufai. A irin waɗannan kufai na duwatsun Arewa akan taras da da'irar duwatsun tushen ɗaki, da gindin rumbu, da guntun ganuwar da aka jera ba da laka ba, da guraben niƙa da hannuwan mata suka rarake a kan falale, da sakainun tukwane.

Lelna sun shahara da wani abu na musamman: tukwanen da suke ɗorawa a kan kaburbura, waɗansu da siffar mutum ko dabba, waɗanda mata ke ginawa don girmama manyan manoma da mafarauta da 'yan kokawa. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya yi rubutu a kan al'adun Dakarkari a 1938, kuma tun daga wannan zamani tukwanen suka ja hankalin masu tara kayan tarihi, har da yawa daga cikinsu suka ɓulla a kasuwannin ƙasashen waje.

Alaƙar mutane da ƙasarsu ba ta yanke ba. Bikin Uhola, na godiya bayan girbi, yana nan ana yin sa, haka ma labarin golmo, wato noman da saurayi kan yi wa surukansa na shekaru kafin a ba shi mata. A Zuru akwai Girmace, wurin ruwa da duhuwar itatuwa da aka sani da kadoji, wanda masu al'ada ke girmamawa. Can wajen Sakaba kuma dutsen Korisino ne cibiyar sarautar gargajiya ta Acifawa. Wanda ya san Dala da labarin Barbushe, ko Kufena na Zariya, zai gane cewa dutse a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ya daɗe yana zama mazauni da mafaka da wurin bauta. A Jihar Adamawa irin wannan gado ne ya sa UNESCO ta sanya Sukur, da matakalan gonakinta da hanyoyinta na shimfiɗaɗɗen dutse, cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Ruwan da ke kan dutse

Ba a zama a kan dutse sai da ruwa. A ƙasashen da hawan dutse ya zama babbar al'ada, tafkunan saman tsauni na cikin abubuwan da ke jan masu hawa. Tafkunan iri-iri ne, kuma abin da ya haifar da kowanne shi ke nuna ko ruwansa na da aminci.

Na farko shi ne tafkin da ƙanƙara ta haƙa. A zamanin tsananin sanyi, wanda ya ƙare kimanin shekara 11,700 da suka wuce, tulin ƙanƙara ya riƙa taruwa a kafaɗun tsaunuka, yana zamewa yana kankare dutse har ya rarake shi kamar akushi. Da ƙanƙarar ta narke sai ruwa ya cika akushin. Mutanen arewacin Ingila na kiran irin wannan tafki "tarn", kalmar da suka gada daga tsohon harshen mutanen Sikandinabiya. A yankin tafkuna na Ingila akwai su birjik, kamar wanda ke ƙarƙashin dutsen Helvellyn mai mita 950. A Afirka ana samun su a kan Dutsen Kenya mai mita 5,199 da tsaunukan Ruwenzori na iyakar Uganda da Kwango. Nijeriya ba ta da irinsu.

Na biyu shi ne tafkin bakin dutse mai aman wuta, wanda ya mutu ruwa ya taru a cikinsa. Tafkin Tila na kusa da Biu a Jihar Borno misali ne, haka ma na Pidong a Ƙaramar Hukumar Mangu ta Jihar Filato. Irin waɗannan bakinsu kan yi gangare sosai, zurfinsu kuma kan zo farat ɗaya.

Na uku shi ne ruwan da ke maƙalewa a kwazazzabon dutse a cikin hamada, wanda inuwa ke karewa daga rana. Wanda ya fi suna a ƙasar Abzin shi ne na Timiya, inda ruwa ke zubowa daga sama bayan damina.

Na huɗu, wanda shi ne mai hawan duwatsun Arewa maso Yamma zai fi cin karo da shi, shi ne kwarmin dutse. Ruwan sama kan kwanta a ɗan gurbi a kan falale, ya riƙa narkar da ma'adinan dutsen a hankali, iska ta kwashe garin da rani, gurbin ya ƙara faɗi da zurfi. Cikin dubban shekaru sai ya zama kamar ƙwarya, wani kamar kwale-kwale, wani har ya isa wanka. Bayan shi akwai idon ruwa, inda ruwan da ya shige tsagar dutse ke tsattsafowa a gindi, da kuma guraben da ƙorama ke bari idan ta yanke.

Ruwan kwarmi kwantaccen ruwa ne. Birai da tsuntsaye da dabbobin kiwo na sha a ciki, sauro na ƙyanƙyasa a ciki, ko da kuwa ya yi garau a ido. Guraben ƙorama da kududdufai kuma su ne mazaunin ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya, cutar da ke shiga ta fatar mai wanka, ta sa fitsarin jini. Gaskiya ne an tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, amma gudawa da zazzaɓin taifot suna nan. Ƙa'idar ita ce a zo da ruwan sha daga gida. In larura ta tilasta, a tace ruwan da tsumma mai tsabta, a tafasa shi. Kada a yi tsalle cikin kwarmi, domin ba a ganin zurfinsa, gefensa kuma kan yi gansakuka mai santsi da ke hana fita. Kada kuma a zuba sabulu a ciki, saboda wataƙila shi ne mashayar makiyayi ko manomin da ke gangaren.

Lokacin da ya dace

Mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, safiya na da sanyi. A Nuwamba ƙasa na da sauran kore, kwarmi na da ruwa, amma ciyawa na da tsawo tana rufe hanya, kuma lokacin girbi ne da macizai ke yawo. A Disamba da Janairu hanya ta buɗe, sai dai hazon hunturu kan rufe hangen nesa, ga kuma gobarar daji, wadda ke hawa gangare da sauri fiye da gudunta a fili.

Maris da Afrilu watannin bazara ne, zafi kan kai digiri 40, don haka ba lokacin sabon shiga ba ne. Da damina kuwa haɗurran biyu ne: santsi da tsawa. Hadari kan taso cikin ɗan lokaci, ƙoramar da aka tsallake da safe ƙafa a bushe takan cika ta tare hanyar komawa.

Lissafin yini

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Dutse kan yi kusa a ido, ƙololuwar da ake gani daga ƙasa kuma sau da yawa kafaɗa ce kawai, ta gaskiyar na bayanta. A 1892 wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya fitar da wani sauƙaƙan lissafi da masu hawa ke amfani da shi har yau: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Tafiyar kilomita 8, zuwa da dawowa, mai hawan mita 300, za ta ci awa biyu da 'yan mintoci a wannan lissafi. Amma lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne a ƙasar sanyi, babu hutu a ciki. Ga ɗan ofis ko mai shago da bai saba ba, a cikin zafin Kebbi, ya kamata a ninka shi, a ware awa huɗu. Saurin ayari kuma saurin mafi rauni ne a cikinsa.

A watan Disamba rana kan fito a Zuru gab da ƙarfe 7, ta faɗi kafin ƙarfe 6 da rabi, duhu kuma kan rufe cikin rabin awa bayan faɗuwarta. Tsarin da ya dace shi ne a bar masauki bayan sallar Asuba, a fara hawa da fitowar rana, a kai sama da hantsi, a fara saukowa kafin rana ta take. Tun a ƙasa ake yanka lokacin juyawa, misali ƙarfe 11, kuma idan lokacin ya yi a juya ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A duk wajen rabin awa a tsaya a inuwa a sha ruwa, kada a jira sai ƙishirwa ta kama.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta gaji, gwiwa na ɗaukar nauyin jiki duka, hankali kuma ya riga ya koma gida. A sauko da gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a bar tazara tsakanin mutane saboda dutsen da ƙafar na sama za ta iya gangarowa. Falalen da aka hau da rarrafe ya fi wuyar sauka, don haka kafin a hau shi a tabbata akwai hanyar dawowa.

Guzuri da sutura

A cikin zafi mai hawa kan zubar da gumi daga rabin lita zuwa lita ɗaya ko fiye a awa guda. Lita uku ga mutum ɗaya shi ne mafi ƙarancin abin da za a ɗauka don fitar rabin yini. A haɗa da ƙullin gishiri da sukari na kemis, in babu kuma a haɗa na gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ayaba sun isa abinci, ba su da nauyi.

Takalmi ya zama rufaffe mai tsagaggen ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Silifas da takalmin ofis su ne tushen yawancin targaɗe. Dogon wando na kare ƙafa daga ƙaya da ƙaiƙayi, malafa na kare kai, babbar riga da dogon mayafi kuwa kan sarƙe a ƙaya ko su taɗe mai su. Sanda, tocila, bandeji, da waya mai cikakken caji su ne sauran kaya. Sabis na iya ɗaukewa a cikin kwazazzabo, don haka a bar wa wani a gari sunayen masu fita, da hanyar da za su bi, da lokacin dawowarsu. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma mai taimakon farko a dutse kusan kullum ɗan ƙauyen da ke gindinsa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya yi motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Wanda bai kai haka ba ya fara da tafiyar ƙasa ta makonni kafin ya nufi dutse. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya kuma ya fara ganin likita.

Haɗurran da aka fi gamuwa da su

Bugun zafi ne na farko. Alamominsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗewar tsoka. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan ya fara sambatu ko ya suma, rai na cikin haɗari, sai a ci gaba da sanyaya shi ana gaggawar kai shi asibiti.

Na biyu maciji. Kububuwa ce ta fi kisa a ƙasashen savana na Nijeriya, ga kuma kasa da gamsheƙa. Kada a zura hannu a tsagar dutse ko a ɗaga dutse da hannu, kada a tsallake gungume ba a duba bayansa ba. Idan an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Saran kububuwa kan yi kamar ba komai da farko, sai daga baya jini ya ƙi tsayawa, saboda haka jin sauƙi ba dalilin fasa zuwa asibiti ba ne.

Na uku ƙudan zuma, waɗanda ke yin saƙa a kogo da tsagar dutse. Hayaniya da turare mai ƙarfi na tayar da su, firgicin gudu a bakin gangare kuma ya fi harbin kansa haɗari. Na huɗu tsawa. Ƙara na tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka idan tsakanin walƙiya da rugugi bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin ya matso. A bar ƙololuwa, a nisanci itace mai tsayuwa shi kaɗai da bakin kogo da bakin ruwa.

Tsaro da izini

Masarautar Zuru ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, musamman a Danko-Wasagu da Sakaba. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton-ɓauna a yankin Sakaba. Halin tsaro kan sauya daga mako zuwa mako, kuma ya bambanta daga gunduma zuwa gunduma. Saboda haka labarin da aka ji a birni watan jiya ba ya isa hujja. A tambayi hakimi ko dagaci da ofishin 'yan sanda ana gobe fita, a sake tambaya da safe. In sun ce a dakata, a dakata. A tsaya ga duwatsun da ke kusa da gari, kada a kwana a sama, kada kuma a sanar da wuri da lokacin fita a Facebook ko WhatsApp kafin a dawo.

Da ɗan gari akan ci gari. Hanyar da ta dace ita ce a fara zuwa ƙofar mai gari, a yi gaisuwa da "ranka ya daɗe", a faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su, a roƙi ɗan rakiya. Mafarauci ko manomin da gonarsa ke gangaren ya san hanya, ya san inda zuma take, ya san wurin da ba a shiga. Zuwansa kuma shaida ce ga duk wanda ya hango baƙi a kan dutse, a zamanin da baƙuwar fuska a daji ke tayar da hankali. A yi cinikin ladansa tun a ƙasa, a biya shi da mutunci.

Ladubban kufai

Wurin da ɗan rakiya ya ce ba a shiga, ba a shiga, ko da baƙo bai yi imani da dalilin ba. Ba a ɗaukar hoton mutum ko kabari ko wurin al'ada sai da izini. Ba a taka kabari, ba a zama a kan ganuwa, ba a rubuta suna da fenti ko gawayi a jikin dutse. Ba a ɗaukar tukunya ko sakaina ko dutsen niƙa a matsayin tsaraba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi ko fitar da su ba da izini ba. Ban da batun doka, abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin labarinsa, domin wurin da yake da abin da ke kusa da shi su ne ke gaya wa mai bincike shekarunsa da aikinsa.

Haka nan a bi gefen gona, kada a ratsa ta tsakiya. Kada a hura wuta ko a yar da guntun taba. Leda da gora da aka hau da su a sauko da su, domin shanu da awaki na cin leda su mutu.

Duwatsun Arewa na fuskantar masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai da masu ƙona gawayi, kuma kufai da ganuwar da aka kwashe duwatsunta ba ta komawa yadda take. Baƙon da ya zo da ladabi, ya biya ɗan rakiya, ya kwana a masaukin gari, ya sayi abinci a kasuwa, yana ƙara wa mutanen wurin dalilin kare dutsensu a tsaye. Wanda ya tsaya a kan ƙololuwa da hantsi, gonakin dawa da rufin kwanon ƙauyuka na shimfiɗe a ƙarƙashinsa, zai gane da idonsa dalilin da ya sa kakannin Lelna suka zaɓi wahalar ɗauko ruwa da hatsi zuwa sama don su tsira da 'yancinsu. Amma ƙololuwa rabin tafiya ce. Yinin bai cika ba sai an sauko an ƙirga kowa, an koma ƙofar mai gari an yi godiya da sallama, rana tana sama.